Gurbi Talatin da Biyu

Babana ya bar butar shayi a kan wuta
har ta ƙone ƙurmus, yana zaune yana kallonta.
Ranar Laraba ya kira ni da sunan uwata,
wadda ta shekara tara a ƙarƙashin ƙasa.
Na amsa. To me zan ce?

Mutumin da ya yi shekara talatin yana awon kanumfari
a bakin tashar jiragen ruwa ta Unguja,
buhu ɗari ya wuce bai taɓa alƙalami ba,
yau makullin ɗaki ya gagare shi,
sai mu tsince shi a gwangwanin sukari.

Likita ta rubuta ƙwayoyi, ta ɗago kai:
"Da wa yake hira? Me yake ƙirgawa?"
Na ce, da bango. Na ce, kwanaki.
Ta ce, "Ku nemo masa abin da zai ba shi haushi."

Mzee Pandu ne ya zo da haushin
a hammata, naɗe cikin tsohon zane:
allon bao, darar kakanninmu,
katakon da tafin hannu ya goge har yana sheƙi,
gurbi talatin da biyu, layi huɗu,
'ya'ya sittin da huɗu masu ruwan toka.
Ya dire shi a dakali bayan la'asar
ya ce, "Vuai, tun bara nake binka ci uku."
Baba ya ce, "Ƙarya kake. Biyu ne."

Na tsaya da tsintsiya a hannu.
Bara!
Mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba.

Makon farko ya sha kashi.
Hannu na rawa, 'ya'ya na zubewa a ƙasa,
ya ɗauko dama ya nufi hagu.
Pandu bai raga masa ko ƙwaya ɗaya ba,
wai tausayi a kan dara zagi ne.
Baba ya shigo gida yana ƙunƙuni,
ni kuwa ƙunƙunin nan ya fi mini kiɗa daɗi,
don wata shida ban ji ya damu da komai ba.

Sai na fara ganin leɓensa na motsi.
Kafin yatsa ya taɓa gurbi
ido ya riga ya yi tafiyar:
bakwai, takwas, a karya kwana,
a kwashe na can, a dawo a zuba a nan,
in Pandu ya yi kaza, ni kuma in yi kaza.
Makame mai gahawa ya ajiye butarsa yana kallo,
kofuna suna hucewa.
Ranar da Baba ya cinye gidan Pandu
dariyarsa ta kai bakin teku,
haƙori huɗu kacal, amma duka sun fito.

Maƙwabciya ta ce, tsofaffi da wasa kamar yara.
Na ce mata wuƙa ma wasa ta ake yi,
wadda aka jingine ita tsatsa ke ci.

Ba zan ce ya warke ba.
Jiya ma makulli ya kwana a sukari,
kuma akwai safiyar da yake tashi
kamar baƙo a gidan da ya gina.
Amma yanzu yana tambayar wace rana ce,
yana neman hularsa tun azahar,
ya san Pandu na yin tari in zai yi dabara,
yana riƙe lissafin bashi:
sha ɗaya da tara, shi ke gaba.

Daren jiya aka ɗauke wuta.
Ya jawo allon kusa da fitila,
ya nuna mini tabarma, na zauna.
Na ɗebi 'ya'ya na fara zubawa yadda na ga dama.
Ya riƙe mini wuyan hannu.
"Ba nan ba, Mwatima," in ji shi.
"Ƙirga tukuna."

Mwatima.
Na sunkuyar da kai ina ƙirgawa,
gurbin duk sun yi mini dishi-dishi.